TARIHIN DORUGU: YARON DA YA RATSA BIRNIN KEBBI A 1853

Galibin mutanen da ake rubuta tarihinsu a shafuka irin waɗannan sarakuna ne, ko malamai, ko attajirai. Wanda muka ɗauko a bana ba ya cikin ko ɗaya daga cikinsu, kuma ba haifaffen ƙasarmu ba ne. Sau biyu ya taka ƙasar Kabi, yana yaro ɗan kimanin shekara 13 zuwa 14, yana tafe a bayan raƙuman wani Bature. Sunansa Dorugu. Dalilai biyu suka sa muka ga ya cancanci a tuna da shi. Na farko, duk wanda ke karanta Hausa da haruffan boko, kamar yadda mai karatu yake yi a yanzu, yana cin moriyar aikin da bakin wannan yaro ya taimaka aka fara. Na biyu, a tsakiyar rayuwarsa akwai wani al'amari da ake kira baftisma, wanda da yawanmu muke jin sunansa a bakin maƙwabtanmu Kiristoci, a kasuwa da ofis da makaranta, ba tare da mun san abin da suke nufi da shi ba. Rayuwar Dorugu ƙofa ce mai sauƙi ta fahimtar wannan al'amari.

Asalinsa da shigarsa bauta

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance, cikin yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar ta yau. Mahaifinsa manomi ne, kuma makaɗi. Zamanin kuwa zamani ne na hare-hare, wanda mutum zai kwana yana ɗa, gari ya waye masa yana bawa. Haka ta faru ga Dorugu. Mayaƙan Damagaram suka afka wa ƙauyensu, suka kama shi tun bai balaga ba, aka raba shi da danginsa, aka kai shi birnin Damagaram. Daga nan ya yi ta sauya hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno a wancan lokaci, a hannun wani Balarabe.

Ya kamata mu tsaya mu dubi abin da bauta take yi wa mutum, domin sai da wannan za a gane sauran labarin. Wanda aka kama aka sayar, a wurin danginsa ya zama kamar mamaci, sai dai babu kabarin da za a ziyarta. A wurin da aka kai shi kuma ba shi da uba, ba shi da gado, ba shi da wanda zai tsaya masa. Ko sunansa ma ubangidansa yana iya sauyawa yadda ya ga dama. Numfashi yana nan, amma duk abin da ke sa a ce wane ɗan wane ne ya yanke.

A Kukawa ne Allah Ya haɗa shi da Turawa masu yawon binciken ƙasa. Gwamnatin Ingila ce ta turo su, suka taso daga Tarabulus a 1850 su uku: James Richardson, shugaban tafiyar, da Jamusawa biyu, Dakta Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, da Dakta Adolf Overweg. Richardson ya rasu a 1851 kafin ya kai Kukawa. Overweg kuwa, wanda ya shiga Tafkin Cadi da jirgin ruwan da suka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma, shi ne ya ɗauki Dorugu aikin kula da raƙuma, daga baya ya fanshe shi ya 'yanta shi. Haka ya yi wa wani yaron, Bamargi, mai suna Abbega. A watan Satumba na 1852 Overweg ya rasu a bakin tafkin, sai Barth ya riƙe yaran biyu suka zama barorinsa.

Ratsawarsa ta ƙasar Kabi

A watan Nuwamba na 1852 Barth ya bar Kukawa ya nufi yamma, niyyarsa Tambutu. Suka bi ta Damagaram da Katsina, suka gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka zauna a Wurno, suka ziyarci Sakkwato. A tsakiyar watan Mayu na 1853 suka sauka a Gwandu, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Halilu bai yarda ya ga Baturen ido da ido ba, amma ya ba shi izinin wucewa. A wannan zama ne Barth ya sami aron littafin nan na tarihin Songhai, Tarihus Sudan, ya kwafi abin da ya iya kwafa.

Da shigar watan Yuni, damina ta fara kankama, suka tashi daga Gwandu suka bi ta Kambaza da Gulumbe suka iso Birnin Kebbi. Abin da idon Dorugu ya gani a lokacin shi ne kangon tsohon birni, wanda rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci a 1805, da sabon gari a gefensa, da fadama shimfiɗe a ƙasa. Hanya ba ta da aminci, domin tun 1849 Kabawa suka ɗaga tuta a Argungu ƙarƙashin Yakubu Nabame, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suna mara musu baya, ana ta gwabzawa tsakaninsu da Gwandu. Wannan ya sa matafiyan ba su kusanci Argungu ba. Suka ƙetare fadama zuwa Zogirma, suka ratsa kwarin Foga inda ake dafa gishiri, suka kai Sayi a bakin Kwara kafin watan ya ƙare.

Sun shiga Tambutu a watan Satumba na 1853, suka yi watanni cikin haɗari, Shehu Ahmad Albakkai ne ya kare su. A 1854 suka juyo, suka sake ratsa ƙasarmu zuwa Gwandu, daga nan sai Kano, sai Kukawa. A wannan tsakani labari ya riga ya bazu a Turai cewa Barth ya mutu. A 1855 suka ƙetare Sahara, suka kai Tarabulus, cikin watan Satumba suka sauka a Landan. Yaron da aka kama a Dambanas ya zama ɗaya daga cikin Hausawan farko da suka ga Ingila da Jamus kuma suka bar mana bayanin abin da suka gani.

A gidan Schön

Niyyar Barth ita ce ya mayar da yaran gida. Amma a Ingila akwai wani limamin Kirista, Bajamushe, James Frederick Schön, ma'aikacin ƙungiyar mishan ta cocin Angalika. Ya yi aiki a Saliyo, ya shiga tafiyar Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, kuma tun 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, ga kuma Bahaushe har gida. Ya roƙa aka bar masa yaran, suka zauna da iyalinsa a Chatham, abin da bai yi wa Barth daɗi ba. A nan Dorugu ya koyi karatu da rubutu, shi kuma Schön ya zauna yana tatsar Hausa daga bakinsa.

A shekarar 1857 aka yi wa yaran biyu baftisma. Dorugu ya zama James Henry Dorugu, Abbega kuma ya zama Frederick Buxton Abbega. James sunan Schön ne, Henry kuwa shi ne yadda Ingilishi suke faɗin Heinrich, sunan Barth. Irin wannan raɗin suna ba baƙon abu ba ne a lokacin. Crowther ma, wanda aka ceto daga jirgin bayi, a wurin baftismarsa ta 1825 ya ɗauki sunan wani limamin Landan.

Me Kirista yake nufi da baftisma?

Kalmar daga Helenanci take, ma'anarta tsomawa ko nutsarwa cikin ruwa. Linjila ta faɗi cewa Yohanna ɗan Zakariya, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya, yana yi wa mutane baftisma a Kogin Urdun alamar tuba, kuma Yesu ma ya zo ya karɓa a hannunsa. Amma ma'anar da Kiristoci suka fi ba ta nauyi ba ta tsaya ga tuba kaɗai ba. A ɗaure take da abin da suka ɗauka ginshiƙin addininsu, wato tashin Almasihu daga matattu.

Kiristoci sun gaskata cewa an gicciye Yesu ranar Juma'a, ya mutu, an binne shi, a rana ta uku kuma, wato Lahadi, ya tashi da rai. Wannan ne ya sa Lahadi ta zama ranar ibadarsu, shi ne kuma abin da suke tunawa a bikin Ista kowace shekara. A ganinsu mutuwar ta zama fansar zunuban mutane, tashin kuma shaida ce cewa an karya ikon mutuwa, kuma masu bi za su tashi kamar yadda ya tashi. Manzo Bulus, a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, ya nuna cewa in aka cire wannan tashin, babu abin da ya saura na addinin.

To, ina ruwa ya shigo? Bulus ɗin ne ya haɗa su a sura ta 6 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa. Ya kwatanta shiga cikin ruwa da shiga kabari tare da Almasihu, fitowa daga ruwan kuma da tashi tare da shi. Wato wanda ake yi wa baftisma yana shaida cewa tsohon mutumin da yake a da, da zunubansa da halayensa, ya mutu an binne, wanda ya fito sabo ne, kuma wajibi ne a ga sabuntar a cikin aikinsa. Saboda haka ne Kiristocin ƙarnonin farko suka fi son yin baftisma a daren Ista, suna sa wa wanda aka yi wa fararen tufafi. Saboda haka ne kuma ba a maimaita ta. Alwala ana sabunta ta kullum, wankan tsarki ana yinsa duk lokacin da dalili ya taso, amma baftisma sau ɗaya ce a rayuwa, kamar yadda mutuwa take sau ɗaya.

Yadda ake yinta ya bambanta tsakanin ɗarikoki. Katolika da Angalika suna yi wa jarirai, galibi ta hanyar zuba ruwa a ka, iyaye da wakilai su ɗauki alkawari a madadin yaron. Baptis da ECWA sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiya da bakinsa, sannan a nutsar da shi gaba ɗaya, a kogi ko a kwarmin da aka gina don haka. Dukansu suna yi da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Littafin addu'o'in Angalika na 1662, wanda Schön yake aiki da shi, yana da tsari na musamman domin manya: a fara karantar da mutum, sannan a gaban shaidu ya furta cewa ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ya bayyana abin da ya gaskata, a ambaci sunansa, a sa masa ruwa, a zana alamar gicciye a goshinsa, a karɓe shi cikin jama'ar masu bi.

A nan wajibi ne mu faɗi inda hanya ta rabu. Musulmi ba su yarda an kashe Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko an gicciye shi ba. Aya ta 157 da ta 158 na Suratun Nisa'i sun bayyana cewa Allah ne Ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Wannan saɓani ne na tushe, kuma ba a yi wa kowane ɓangare adalci ba in aka ɓoye shi. Inda aka haɗu shi ne cewa duka biyun sun gaskata kabari ba ƙarshe ba ne, akwai tashin ƙiyama, akwai hisabi.

Yanzu mai karatu ya sa kansa a matsayin yaron da bauta ta raba da uwa da uba da suna da gari. Takardar 'yanci ta kwance masa igiya, amma ba ta mayar masa da dangi ba. Sai ga wata koyarwa tana ce masa abin da ya wuce an binne, ga sabon suna, ga sababbin 'yan'uwa, kuma kamar yadda Bulus ya nuna wa Galatiyawa, a cikin wannan jama'a ba a bambanta ɗa da bawa. Ba abin mamaki ba ne da ya kasance da yawa daga cikin Kiristocin farko na Afirka ta Yamma a ƙarni na 19, daga Saliyo har Lokoja, 'yantattun bayi ne. Maganar mutuwa da tashi ba baƙuwa ba ce a kunnensu, domin sun ɗanɗana irinta tun suna raye.

Aikin da ya bari

A shekarar da aka yi masa baftisma, 1857, aka buga Linjilar Matiyu da Hausa, wadda Schön ya fassara da taimakonsa. Littafi ne da surarsa ta 3 take ba da labarin baftisma a Urdun, surarsa ta ƙarshe kuma, ta 28, take ba da labarin tashi daga matattu da umarnin a yi wa al'ummai baftisma. Ke nan Dorugu yana cikin mutanen farko da suka zauna suna neman kalmomin Hausa da za su ɗauki waɗannan ma'anoni. Littafin Farawa ya biyo baya a 1858, na Fitowa kuma a 1859, wanda ke ba da labarin kuɓutar Bani Isra'ila daga bautar Fir'auna ta tsakiyar teku, ƙetarewar da Kiristoci suke kwatantawa da baftisma. Daga wannan tushe aka ci gaba har aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Aikin bai tsaya ga littattafan addini ba. Schön ya buga nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, sannan littafin Magana Hausa a 1885. A cikin wannan na ƙarshe ne aka sa tarihin rayuwar Dorugu kamar yadda ya faɗa da bakinsa, tare da tatsuniyoyi da labarai da karin magana. Ya bayyana kamunsa, da tafiyar Tambutu, da ƙishirwar Sahara, da yadda ya ga Turawa suna zama cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu, cikin Hausa mai sauƙi da idon yaro mai lura. Ba mu ce da shi aka fara rubuta Hausa ba. Tun kafin a haife shi malaman jihadi suna rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, kuma Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana raye tana rubutu lokacin da ya ratsa ƙasar Sakkwato. Abin da ya zo da shi sabo shi ne doguwar maganar Bahaushe talaka, a zube, da haruffan boko. A 1971 malamai biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka fassara labarin zuwa Ingilishi suka sake buga shi.

Yara biyu, hanya biyu

Burin Schön shi ne yaran su koma su zama masu yaɗa addinin Kirista a ƙasar Hausa. Amma ana iya kai doki bakin gulbi, shan ruwa sai ya so. Abbega ya komo Afirka tun 1857, ya yi aiki da Turawan da ke zirga-zirga a Kwara, daga baya ya koma Musulunci, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 ya zama Sarkin Lokoja. Jikansa ta wajen uwa shi ne Maimaina na Jega, wanda ya zama Sarkin Askira a ƙasar Barno, shi ma ya bar tarihin rayuwarsa a rubuce da Hausa. A littafin nan na 1971 an haɗa labarinsa da na Dorugu wuri ɗaya. Ta nan ma labarin ya sake taɓo Jiharmu.

Dorugu kuwa ya zauna a Ingila har 1864, shekarar da aka naɗa Crowther bishop, sannan ya komo. Ya yi aikin tafinta ga Turawa daban-daban. Da Turawan mulki suka ci ƙasar Hausa, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa, Kano, a 1909. Neman wanda ya iya karanta Hausa da haruffan boko a lokacin kamar neman allura ne cikin ruwa, sai ga tsoho Dorugu, wanda ya iya tun fiye da shekara 50 da suka wuce. Aka ɗauke shi malami. Daga wannan makaranta ne malaman farko suka bazu zuwa larduna, suka karantar da waɗanda suka karantar da mu.

A Kano ya rasu, a shekarar 1912, yana da shekara 70 da 'yan kai. Matar Ɗan Hausa, Isabelle Vischer, ta rubuta labarin rasuwarsa, ta ambaci cewa an tarar da tabarau masu yawa da tufafi da kuɗi a cikin kayansa, tsarabar Turawan da ya yi wa hidima, ya adana su shekara da shekaru.

Abin lura

Abu biyu muke fatan mai karatu ya riƙe. Na farko ya shafi zamanmu da juna. Jihar Kebbi, tun ƙirƙiro ta a 1991, gida ce ga Musulmi da Kirista, musamman in aka dubi ƙasar Zuru da garuruwan da ma'aikata da 'yan kasuwa suka taru. Idan maƙwabci ya ce gobe za a yi wa ɗansa baftisma, ko ya ce yana bikin Ista, yanzu mun san ba wanka yake nufi ba, ba kuma shagali kawai ba. Yana magana ne a kan mutuwa da rayuwa kamar yadda addininsa ya koya masa. Sanin abin da mutum ya gaskata ba yarda da shi ba ne, amma yana hana izgili, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Na biyu ya shafi yara. Ranar da ayarin Abdulkarim ya ratsa Birnin Kebbi, idon jama'a yana kan Baturen ne da kayansa. Ba mai dalilin duban yaron da ke jan akala. Amma da aka ba shi allo da alƙalami, shi ne ya bar wa harshen Hausa abin da har yau ake karantawa a jami'o'i. Irinsa suna nan a tashoshin mota da bakin kasuwanninmu. Allah Ya ba mu ikon ganinsu, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.